Yaron da Yake Mance Inda Ya Ajiye Kaya: Yadda Ake Auna Riƙon Ido

Uwa mai sayar da kayan miya a Buokrom ta nuna wa ɗanta teburori uku da zai kai wa saƙo, amma kafin ya isa na biyu, na ukun ya ɓace masa. A makaranta kuma, kafin ya sauke idonsa daga allon bango zuwa littafi, rabin abin da ya gani ya tafi. Sau da yawa akan kira irin wannan yaro malalaci, har a kai ga duka. Alhali mai yiwuwa ne matsalar tana ga wani aiki na ƙwaƙwalwa wanda ake iya aunawa.

A shekarar 1974 masana biyu 'yan Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan ma'aji da take riƙe abu na daƙiƙoƙi kaɗan yayin da ake aiki da shi. Wani sashe yana riƙe abin da kunne ya ji, wani kuma abin da ido ya gani: siffar abu da gurbin da yake. Shi ya sa za a ga yaro mai ƙarfin hadda a makarantar allo yana shan wuya wajen lissafi ko kwafar rubutu. Da wannan riƙon ido ne 'yar kasuwa take shiga lungunan Kejetia ta fito ba ta ɓata ba.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na Philip Corsi, wanda ya fito da shi a Jami'ar McGill ta Kanada a 1972. Ana kafa ƙananan katakai tara iri ɗaya a warwatse bisa faifan katako. Mai gwaji yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, kusan daƙiƙa guda tsakani, sai yaro ya maimaita a jeren da ya gani. Ana farawa da biyu, a ƙara ɗaya, har sai ya kasa sau biyu a tsawo guda. Wani lokaci akan nemi ya faro daga na ƙarshe ya komo na farko. Babba yakan riƙe biyar ko shida, ɗan shekara shida kuwa uku ko huɗu, kuma adadin yana hawa da shekaru. Kyawun gwajin shi ne ba ya bukatar karatu, kuma yaron da ya tashi da Hausa ko Twi ba ya cutuwa don rashin Turanci.

Kuna iya gwada makamancinsa a gida da kwalin ashana tara. Ku warwatsa su bisa tabarma, kada su yi layi, ku taɓa su shiru ba tare da ƙirgawa da baki ba. Don auna riƙon siffa, ku jera kaya biyar a faranti, yaro ya duba, ku rufe, ku zare ɗaya a ɓoye, ku tambaye shi wanne ya ɓace. A yi shi bayan yaro ya ci ya huta, a matsayin wasa, ba a gaban tsaransa ba. Wannan ba hukuncin likita ba ne; yunwa, tsoro, rashin barci da raunin gani duk suna rage sakamako. Abin lura shi ne yaron da yake baya sosai da tsaransa a ranaku dabam-dabam, ko wanda a da yake iyawa yanzu ya daina.

Cututtuka biyu ne suka fi damun mu a nan. Na farko zazzabin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, wanda yake zuwa da suma da jijjiga. Binciken da aka yi a asibitin Mulago na Kampala ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka warke suna da rauni a fannin tunani shekara biyu bayan ciwon. Na biyu sikila, wadda takan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a jiki ba, sai dai karatun yaro ya ja baya. A Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a Ghana, a 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana duba irin waɗannan yara. Ƙarancin jini ma yana da hannu.

Idan kun lura da alama, ku je asibiti da katin awo da katin inshorar lafiya, ku faɗi ciwon da yaro ya taɓa yi, ku nemi a duba idonsa da jininsa. A gida ku rage masa kaya: saƙo ɗaya a lokaci guda, kowane abu da mazauninsa, kuma ku bar shi ya furta da baki abin da ya gani. Ku roƙi malaminsa ya zaunar da shi kusa da allo. Yaro mai sikila kuwa, idan gefen jikinsa ya saki ko bakinsa ya karkace, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.