Gertrude Ederle: Budurwar da ta Ƙetare Teku da Iyo

Tsakanin ƙasar Faransa da Ingila akwai wani mashigin teku mai tsananin sanyi da igiyar ruwa. Kafin shekarar 1926, maza biyar kaɗai suka taɓa ƙetare shi da iyo. Mutane da yawa suna cewa mace ba za ta iya ba.

Gertrude Ederle, wata budurwa Ba'amurkiya, ta gwada a 1925, amma mai horar da ita ya sa aka tsamo ta kafin ta kai gaci. Ba ta karaya ba. Ranar 6 ga Agusta, 1926, ta shafe jikinta da maiƙo saboda sanyi, ta faɗa ruwa daga gaɓar Faransa. Teku ya yi haushi, har aka roƙe ta ta fito, ta ƙi. Bayan kimanin awa 14 da rabi ta taka ƙasar Ingila. Ta riga gwanin mazan nan da kusan awa biyu!

Tun tana ƙarama ƙyanda ta taɓa mata ji. Daga baya ta kurumce, sai ta koma koya wa yara kurame iyo.

Tambaya: Me ya sa Gertrude ta shafa maiƙo a jikinta?