Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsuntsaye Da Waya: Darasi Daga Kongo Zuwa Ƙofar Doka

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da hazo ya fara ja da baya kuma zafin bazara bai kankama ba, shi ne lokacin da ya fi dacewa mai waya ya gwada kyamararsa a kan tsuntsaye a Zariya. Kuka da wasu bishiyoyi sun zubar da ganye, don haka tsuntsu ba shi da wurin ɓuya. Wanda ya fito daga Kongo da ƙarfe shida da rabi na safe, ya leƙa lambunan bakin Kubanni, sannan ya bi ta Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, zai ci karo da balbela, kurciya, hasbiya, hankaka da shirwa, wani sa'in har da cilakowa. Shamuwa kam sai damina ta kusa.

Abin da ke ɓata yawancin hotunan shi ne zum. Galibin wayoyin Tecno, Infinix da Itel da ke hannun matasa ba su da gilashin jawo abu na musamman. Idan mutum ya ja hoto zuwa 8x, wayar ba ta matso da tsuntsun ba, yanko tsakiyar hoton ta yi ta buɗa shi, shi ya sa gashin tsuntsun ke fitowa kamar an shafa masa koko. Gara a tsaya a 1x ko 2x, a ɗauka, daga baya a yanke. Sauran aikin na ƙafa ne: a matsa a hankali ta gefe, ba kai tsaye ba, ko a zauna a jingina da bishiya a jira. Kurciya takan dawo wurin da take kiwo idan mutum ya daina motsi.

Sai haske. A bar rana a bayan mai ɗauka. Tsuntsun da ke kan wayar lantarki, bayansa farin sama, baƙi ƙirin zai fito, domin wayar tana auna hasken saman ne. Maganinsa a danna kan tsuntsun a riƙe har alamar kulle ta bayyana, sannan a ja ɗan hoton ranar nan sama kaɗan. Balbela kuwa akasin haka take so, a rage hasken, in ba haka ba farin jikinta ya ƙone.

Wanda wayarsa ke da sashen Pro ya nemi harafin S, wato saurin ɗauka. 1/500 ya isa tsuntsun da ke zaune, mai tashi kuwa sai 1/1000 ko sama. ISO kada ya wuce 400, don hoton zai cika da ɗige-ɗige. A riƙa ɗauka a jere, guda goma ko ashirin, a zaɓi ɗaya. Kuma a goge gilashin kyamara kafin a fara. Ƙurar hunturu ta fi kowane saiti lalata hoto.

Wajen gano suna, manhajar Merlin Bird ID ta jami'ar Cornell da ke Amurka kyauta ce, tana gane tsuntsu daga hoto. A sauke bayananta tun a gida, kada data ta ƙare a hanya. Mai son abin da ya gani ya yi amfani yana iya shigar da shi BirdLasser, manhajar da masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita ƙarƙashin cibiyar APLORI ta Jos.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Waya tana iya liƙa wa kowane hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. Ungulu, wadda a da take cika mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, kuma farautarta don haɗa magani na cikin dalilan. Wanda ya yi sa'ar ganin sheƙarta a kan wani rimi a cikin birni, ya kashe alamar wuri a saitin kyamara, kuma kada ya ambaci unguwar idan zai ɗora a Facebook. Haka nan kada a ɗaga waya ta fuskanci bariki, shingen jami'an tsaro ko cikin gidan mutane, ko da tsuntsun a kan katangar yake.