Yadda Ake Zaɓen Dalsima, Kayan Kiɗan Tsaunukan Afalaciya

Dalsima akwatin katako ce siririya mai tsawo, da tsirkiya uku ko huɗu, ana kwantar da ita a kan cinya a kaɗa. Ta bayyana ne a tsaunukan Afalaciya na gabashin Amurka a farkon ƙarni na 19, kuma masana na danganta asalinta da wani abin kiɗa da Jamusawa 'yan ƙaura suka shigo da shi Fensilbaniya. Mawaƙiya Jean Ritchie, 'yar Kentaki, ita ta fito da ita daga ƙauye ta kai ta birnin New York, har a 2001 jihar Kentaki ta ayyana ta a matsayin kayan kiɗan jiha. Akwai wata mai irin sunanta da ake bugawa da 'yan sanduna biyu, wannan ba ita muke nufi ba.

Da farko, ka san aikin kowace tsirkiya. Wadda ke kusa da cikinka ita ke ɗauke da waƙar, sauran biyun kuwa kowace amo ɗaya take riƙewa a ƙarƙashinta, ba sa hawa ba sa sauka. Wannan gunji mai ɗorewa shi ne ranta. Mai tsirkiya huɗu yawanci ta waƙar aka ninka biyu don ƙarin ƙara, kuma idan ta yi wa yatsanka nauyi kana iya cire ɗaya. Sai ka dubi 'yan ƙarafan da aka gitta a kan allonta, waɗanda ake kira firet. Tazararsu ba kamar ta jita ba ce: wata faffaɗa, wata mai ƙunci, domin sautukan fararen maɓallan fiyano kaɗai aka jera. Shi ya sa sabon hannu bai cika yin kuskure ba. Ka ƙirga firet ɗin, ka ga ko akwai ƙarin ɗaya tsakanin na shida da na bakwai. Ni dai ina ba mai koyo shawarar ya nemi mai wannan ƙarin, don yawancin littattafan koyo na yanzu da shi aka rubuta su.

Na biyu, ka auna tsawon tsirkiya daga inda ta tashi a kai zuwa jakin da ta hau a gindi. Yawanci yana tsakanin inci 25 da 29. Kamfanin McSpadden na jihar Akansas, alal misali, babbarsa inci 28 da rabi ce. Doguwa ta fi amo mai jan zango, amma sai yatsu sun buɗe sosai. Ɗora babban yatsanka a firet na uku, ka kai wani yatsan kan na ɗaya a tsirkiyar nesa. Idan ka ji wuyan hannunka na ja, nemi mai inci 26.

Na uku, kuma a nan ne ya kamata ka fi daɗewa: gwada gaskiyar sautinta. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na bakwai ka sake kaɗawa. Wurin nan ne tsakiyar tsirkiyar, don haka dole sautin ya zama na farkon ne sak, sai dai a sama, kamar muryar yaro da ta babba a kan baiti ɗaya. Manhajar saita sauti a waya za ta nuna maka. Idan ya kauce, kuma matsar da jaki bai gyara ba, ajiye ta komai kyanta, domin firet ɗin da aka dasa ba daidai ba babu ƙwarewar da za ta rufe shi. Daga nan ka leƙa ta gefe ka ga tsayin tsirkiya daga firet na bakwai: kimanin milimita 2 ya isa. In ya wuce haka yatsu za su yi ciwo, in ya gaza za ka ji tana zizara. Bi kowane firet ɗaya bayan ɗaya kana saurare, sannan ka murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya ka tabbatar ba sa zamewa.

Siffa kuwa kada ta ɗauke maka hankali. Mai tsukakken ƙugu an fi saninta da Kentaki, inda J. Edward Thomas ya soma sassaƙa irinta a 1871. Mai kamar ɗigon hawaye ta fi alaƙa da Bajiniya. Zurfin akwatin ya fi siffarsa tasiri a kan amo, mai zurfi ta fi kauri da ƙara. In aljihu ya yi ƙasa, akwai ta kwali mai allon katako, kuma tana koyar da mutum tsaf.

Na huɗu, zaɓi saiti, wato sautukan da ake ɗaure tsirkiyoyin a kansu, kowane harafi sautin tsirkiya ɗaya ne. DAD ya fi yawa a yau, kuma ya dace da mai danne tsirkiya da yatsu. DAA shi ne na tsofaffin tsauni, waɗanda ke zamar da ɗan guntun itace a kan tsirkiyar waƙa da hannun hagu, suna kaɗawa da gashin tsuntsu a hannun dama. Wannan salon yana ba da wata shewa mai daɗi da yatsa ba ya iya fitarwa, kuma abin takaici ne yadda masu koyo da yawa ke tsallake shi.

Idan daga waje za a aiko maka da ita zuwa ƙasar Hausa, ka yi tanadin hunturu tun kafin ta iso. Busasshiyar iska na tsaga siririn katako. Ka riƙa mayar da ita cikin jakarta bayan kiɗa, tare da ɗan soso mai laima a cikin robar da aka huhhuda, yadda ruwa ba zai taɓa jikinta ba, kuma kada ka bar ta a mota cikin rana. Ka sa a haɗo maka da tsirkiya ta ajiya saiti biyu.