Mako Shida Kafin GMAT: Daga Ina Za Ka Fara?

Yawancin masu zuwa wurina in shirya su zaman jarrabawar GMAT a gurguje ma'aikata ne, sai bayan magariba suke tashi daga ofis, ga wa'adin neman gurbin MBA ya ƙarato. Abin da ke fara tayar mini da hankali shi ne littattafan da suke riƙe da su, galibi aro daga wani ɗan'uwa da ya zauna shekarun baya. Tun farkon 2024 aka daina tsohon tsarin. Yanzu babu rubuta insha'i, an kuma cire lissafin kusurwoyi da siffofi. Wata ɗalibata mako biyu cur ta ɓata a kansu kafin mu haɗu, har yau abin yana yi mini ciwo.

Sabon tsarin sashe uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu da auna hujja 23, nazarin bayanai 20. Maki daga 205 zuwa 805.

Ranar farko kada ka buɗe littafi. Hukumar GMAC mai shirya jarrabawar tana ba da gwaji biyu kyauta. Kashe waya, ka zauna ka yi ɗaya daga farko har ƙarshe. Makin zai iya sanyaya maka gwiwa, amma shi zai nuna inda ciwon yake. Daga nan ka ware littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta dalili: rashin sani ne, garaje ne, ko lokaci ne ya ƙure? Kowanne da maganinsa. A wurin ɗalibaina, lokaci ne ya fi kayar da su, domin kusan minti biyu kawai kowace tambaya ke samu, kuma ba a taɓa kalkuleta a sashen lissafi. Mai taurin kai sai ya kafe a kan tambaya guda minti shida, ya bar huɗu a ƙarshe babu amsa, alhali barin su haka yana zaftare maki. Zaɓi amsar da ta fi kwanta maka, ka sa alama, ka wuce; kana da damar sauya amsa uku a ƙarshen kowane sashe.

Wajen zaɓen ranar jarrabawa, ka tuna sai bayan kwana 16 ake sake zama. Bar wa kanka wannan tazarar kafin wa'adin makarantar, ka kuma tabbatar sunan da ka yi rajista da shi ya dace da na fasfonka harafi da harafi.