Amsoshin Tambayoyinku: Mai Zanen Kati da Gurbin Jami'a

Tambaya: Ɗana yana aji biyu na babbar sakandare. Tun bara yake tsara wa mutane katin ɗaurin aure da tambarin shago a kwamfuta, suna biyansa. Babansa ya ce ya bari, ni kuma ina ganin sana'a ce. Shin wannan aiki zai taimake shi ko zai cutar da shi wajen samun jami'a? Daga wata uwa a GRA, Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya mana shi. A nan gida babu ruwan JAMB da sana'ar yaro. Abin da ake dubawa shi ne makinsa cikin 400 a darussa huɗu, da kiredit biyar na WAEC ko NECO waɗanda suka haɗa da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni, sai tantancewar ita jami'ar. Tun 2017 ta manhajar CAPS ake ba da gurbi, ita kuwa ba ta san sana'a ba. Jami'o'in tarayya irin su ta Dutsin-Ma da Bayero da Ahmadu Bello suna raba gurabe ne kashi 45 na cancanta, 35 na 'yan yankinsu, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, Katsina tana ciki. Ko kati dubu ya zana, ba za a ƙara masa maki ɗaya ba, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke kusa da ku.

Amma Alhaji babansa ma da gaskiyarsa. Aikin kati bai san lokaci ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare dangin amarya za su bugo waya a gyara sunan waliyyi, gobe kuma yaro yana da gwajin Lissafi. Barci da bitar karatu su ne kuɗin da yake biya, ba tare da ya sani ba. A aji uku jarrabawa uku ne a jere: JAMB, sai WAEC wajen Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya. Da ɗana ne, daga Janairun shekarar zan sa ya daina karɓar sabon aiki har sai ya ajiye biro.

Idan kuwa kuna da niyyar tura shi Amurka, lissafin ya sauya. Fom ɗin Common App na neman jami'o'in can yana da gurbin ayyuka goma da ɗalibi ya yi a wajen aji, aikin kuɗi yana ciki, ga kuma rubutu na kalmomi 650 a kan kansa. Yaron da ya san ciniki da cika alkawari yana da abin faɗa a nan. Don haka ya buɗe littafi tun yanzu: ranar aiki, irinsa, awa nawa ya ci, ya kuma adana kwafin zanen. Ofishin EducationUSA a Abuja yana ba da shawara kan wannan hanya.

Wani abu da za ki sa wa ido: shafukan neman aiki a intanet irin su Upwork sai mai shekara 18. Kada kwaɗayin dala ya kai shi ga taɓa ranar haihuwarsa, domin da lambar NIN ake rajistar JAMB, gyaran saɓani kuwa wahala ce.

Kafin a yanke hukunci, ki ɗauko sakamakonsa na kafin ya fara aikin da na zangon da ya wuce, ku zauna ku uku da Alhaji ku gwada Turanci da Lissafi. In ba su sauka ba, a bar masa Asabar da Lahadi.