Mulkin Ɗambatta da Yawan Jama'arta

Ƙasar Ɗambatta tana arewa da birnin Kano, a kan hanyar Daura, tana iyaka da Kazaure ta Jihar Jigawa. Faɗinta murabba'in kilomita 732 ne. A ƙidayar 2006 an sami mutum 207,968 a cikinta, watau wajen mutum 284 ke nan ga kowane murabba'in kilomita. Ƙasa ce ta gona kan gona, babu daji mai yawa da ya saura.

Mulkinta hannu biyu ne. Na ɗaya shi ne na sarauta: hakimi, sa'an nan dagatai, sa'an nan masu unguwa. Gidan Dambazawa ke riƙe da sarautar Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Marigayi Alhaji Muhtari Adnan ya riƙe ta tun 1954 har rasuwarsa a shekarar 2021. Na biyu shi ne ƙaramar hukuma, tsarin da ya gaji En'e a 1976. Tana da shugaba da kansiloli daga mazaɓu goma, cikinsu har da Ajumawa, Fagwalawa, Kore da Saidawa.

A da, malamin hakimi yakan bi gida gida kowace shekara yana rubuta masu biyan haraji, saboda haka lissafin jama'a ba ya tsufa. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, wannan littafi ya mutu. Ga shi kuma tun 2006 ba a sake ƙidayar ƙasa ba, gama an ɗage wadda aka shirya yi a 2023.

To, yawan jama'a yana cikin ma'aunin da ake raba kuɗin Tarayya da shi. Da shi kuma ake auna azuzuwa, da allurar rigakafi, da rijiyoyi. Ƙauyen da ba a san yawansa ba, rabonsa yakan ƙaranta.

Don haka lalle ne hakimai su hori dagatai da masu unguwa su riƙa rubuta kowace haihuwa da kowace rasuwa, su kuma tura iyaye wurin ma'aikacin Hukumar Ƙidaya kafin kwana 60 su cika, yadda dokar 1992 ta ce. A fahimtar da talakawa cewa rubutun yau ba na haraji ba ne. Malamai kuwa su tsare littattafansu daga gara da ruwan damina.