Fentin Gine-ginen Ƙaramin Layin Dogo: Darasi Kan Ido da Launi

Gabatarwa

A ƙasashen Ingila da Jamus da Amurka akwai masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa, tare da tashoshinsu da ɗakunan sigina da rumbunan kaya da tankunan ruwa, duka a bisa tebur guda. Mafi shaharar ma'aunin da suke amfani da shi shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage kowane abu sau 87, watau ginin da tsayinsa ya kai mita 8.7 ya koma santimita 10. A Ingila an fi son ma'aunin OO, mai rage abu sau 76, kuma da wannan ragi ne aka gina ƙauyukan gidan tarihi na Pendon, wanda Roye England ya kafa a shekarar 1954 kusa da birnin Okisfod.

Matsalar da ta fi damun sabon shiga ita ce ta fenti. Sau da yawa yakan samo ainihin launin da ke jikin tashar gaskiya, ya shafa wa ƙaramar, sai ta fito da duhu da kaifin launi, tamkar kayan wasan yara, aikin makonni ya tashi a banza. Amsar wannan matsala tana cikin ilimin ido da na haske.

Abin da iska ke yi wa launi

Wanda ya tsaya mita 1 daga ginin HO, daidai yake da wanda ya tsaya mita 87 daga ginin gaskiya. To amma tsakanin mai kallo da ginin gaskiya akwai iska mai ɗauke da ƙura da tururin ruwa, waɗanda ke warwatsa haske, su dusashe launi, su karkata shi zuwa toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Duk wanda ya hango dutse daga nesa a lokacin hazo ya ga haka da idonsa. A kan tebur kuwa babu wannan iska mai yawa, saboda haka tilas mai fenti ya zuba ta cikin gwangwaninsa: ya sassauta kowane launi da ɗigon fari ko toka. Baƙin rufi ya koma toka mai duhu, farin bango ya koma ruwan madara. Haka nan ana zaɓen fenti marar sheƙi, domin ƙyallin ƙaramin gini na tona asirinsa nan take.

Yadda ido ke yanke hukunci

A tantanin da ke can bayan ido akwai ƙwayoyin halitta kimanin miliyan 6 masu gane launi. Iri uku ne: wasu sun fi amsa shuɗin haske, wasu kore, wasu kuma rawaya zuwa ja. Thomas Young ya yi hasashen haka a shekarar 1802. Ƙwaƙwalwa ce ke kwatanta saƙonnin nan uku ta fitar da launi, kuma ba ta auna launi shi kaɗai, sai ta gwada shi da na maƙwabcinsa. Wani masanin sinadarai na Faransa, Michel Chevreul, ya bayyana wannan a 1839: launin toka ɗaya yakan yi haske kusa da baƙi, ya yi duhu kusa da fari. Don haka ba a yanke shawarar launin taga ko ƙofa sai an ɗora shi kusa da na bango. Bugu da ƙari, launin da aka haɗa a hasken rana yakan sauya a ƙarƙashin fitila, shi ya sa ake yin fenti a irin hasken da za a baje aikin a cikinsa.

Ido yana kuma da iyakar gani. Daga nisan mita 1, lafiyayyen ido ba ya bambance abin da bai kai kimanin milimita 0.3 ba. Simintin da ke tsakanin bulo biyu faɗinsa kimanin milimita 10 ne, wanda a ma'aunin HO ya koma milimita 0.1 da 'yan kai. Ashe ke nan wanda ya zana shi da farin layi mai kauri ya yi ƙari a kan gaskiya. Dabarar ita ce a tsinka fenti ruwan toka sosai, a shafe bangon da shi, a goge da tsumma kafin ya bushe, ya rage a cikin tsagogi kawai.

Tarihi da alamun tsufa

Kowane kamfanin jirgin ƙasa yana da launinsa. Kamfanin Great Western na Ingila ya riƙa shafa wa tashoshinsa launin dutse iri biyu, mai haske da mai duhu, don haka ana duba tsofaffin hotuna kafin a buɗe gwangwani. Daga nan sai alamun tsufa, waɗanda kowacce ke da dalilinta. Tsatsa na fitowa inda ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, kuma tana gangarowa ƙasa daga ƙusa, bisa hanyar ruwan sama. Hayaƙin kwal na baƙanta saman ƙofar rumbun injuna. Gansakuka na son damshi da inuwa, shi ya sa a Turai ta fi yawa a bangon arewa da gindin gini. Tabon rawaya da ake gani a kan rufi kuwa sau da yawa laikin ne, wata halitta da ta ƙunshi funfuna da gansakuka masu zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Wanda ya san dalilin kowane tabo ba zai ajiye shi inda ba ya fitowa ba.

Aikin gwaji a aji

1. Malami ya sa ɗalibai su yanka kwali biyu masu faɗin santimita 5, su shafa wa ɗaya jan fenti zalla, ɗaya kuma ja mai gaurayen fari kaɗan. Su kwatanta su da jan ginin da ake hangowa daga nisan mita 100, su rubuta wanda ya fi kusa da shi.

2. A yanka takarda ruwan toka gida biyu, a ɗora rabi a kan baƙin allo, rabi a kan farar takarda. Ɗalibai su bayyana abin da suka gani da dalilinsa.

3. Ƙofa mai tsayin mita 2.1, milimita nawa za ta zama a ma'aunin HO, nawa kuma a ma'aunin OO?